Takardar da Na Manta a Littafi

Daren Laraba, Dabokpa

Na kasa barci. Yau mutanen asambile, wato ƙaramar hukuma, sun je rumfar katakon Baba a ƙauye, suka rubuta da jan fenti a jikin kwano: a tsai da aiki, a kawo famit. Injin yanka ya yi shiru tun azahar.

Baba ko tuwo bai taɓa ba. Sai cewa yake, "Na kai wa sarkin ƙauye goro, ya nuna min fili a gaban dattawa. Wane famit kuma? Ko gargaɗi ba su yi min ba!" Mma ta ce, "Alhaji, ci abinci, rumfa ba za ta gudu ba." Ya ce, "Za ta gudu mana, in buldoza ta zo."

Ni dai na sunkuyar da kai, don wallahi sun yi gargaɗi. Ranar da Baba ya bar ni tsaron rumfa ya tafi jana'iza, wani ma'aikaci ya miƙo min takarda. Kunya ta hana ni tambayarsa komai. Ina karanta littafin soyayya, daidai inda saurayin ya dawo daga tafiya, sai na sa ta alamar shafi, na manta.

Ga ta a hannuna. Sun ba Baba sati biyu ya je ofis, in ba haka ba su rushe. Gobe ce rana ta ƙarshe.

A littafi, yarinya kuka kawai take yi a yafe mata. Ni dole in buɗe baki. Da asuba zan kai masa buta da takardar tare. Ya Allah, ka sa muryata ta fito.