Lambobin Dawa Suna Kaina Ni Kaɗai

Gwaggo Barakatu, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfin tunanina.

Shekara tara ke nan ina aiki a wani ofishin binciken noma a Samaru. Ni da maigidana Dokta Nwankwo muka zaga ƙauyuka muna karɓar irin dawa hannun manoma. Kowane iri muka yi masa kati mai huji-huji wanda kwamfuta ke karantawa: sunansa, garinsu, kwanakin nunarsa, ko yana jure wuta-wuta. Duk mai binciken da ya rubuto, ko daga Maraɗi ne, sai mu buga masa jerin kyauta. Bara Dokta ya koma gida. Ma'anar lambobin da muke hudawa kuwa ba a rubuce take ba, tana kaina.

Ga laifina. An kawo wata ma'aikaciya, Josephine, daga Sabon Gari take zuwa kullum, mai kaifin kai. Duk sanda ta tambaye ni sai in ce gobe. Tsoro nake ji, Gwaggo. Ni firamare na gama, ita tana da takardar sakandare. In ta iya, wa zai ƙara waiwayata?

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ni mako uku. Akwatin katin umarni, wanda ke gaya wa na'urar yadda za ta tace bayanai, ya suɓuce mata ya watse. Ta jera iyakar saninta. Jerin da ya fita ya nuna wata dawa farafara mai jinkiri a matsayin mai saurin nuna, wani ya shuka ta a gonar gwaji, ruwa ya ɗauke ba ta yi kai ba. Josephine aka yi wa faɗa, na yi shiru. Yanzu ga idona ya fara hazo, hujin ma da ƙyar nake gani. In koya mata a sallame ni, ko in riƙe abina?

Mai Tsaron Kati, Samaru.

*

Ɗana, tsoronka ba shirme ba ne. An sha ganin wanda ya koyar aka ture shi, kuma bakin iyali ba ya jiran bincike. Amma abin da ka riƙe ba kariya ba ce. Zazzaɓin mako uku ya riga ya nuna maka, ido kuma ba zai nemi izininka ba.

Fara da wanke Josephine a gaban shugabanku, da bakinka. A zaman nan ka nemi a rubuta cewa kula da katin da koyar da shi aiki ne mai suna, kuma naka ne. Aikin da ba a rubuta wa mai shi ba, shi ke mutuwa in Dokta ya tafi. Ka je asibiti a duba idon. Sannan ku zauna kai da ita, kana faɗa tana rubuta ma'anar kowace lamba, kwafi uku. A sake huda katin duka a kai wani gini dabam, don gara ba ta san ilimi ba. Ku ja layin tawada a karkace a bayan kowane jeri, ko ya zube a gane wurin kowane kati.

Ba zan yi maka alkawarin kujerarka ba. Sai dai ka tuna manoman da suka buɗe rumbu suka ɗebo muku iri, ba su tambaye ka takardar makaranta ba. Sun ba ka ne don a shuka.

Allah ya ƙara lafiya, ya buɗe idon.