Ruwan Rijiyarmu

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Ya yara da makaranta? Ni lafiyata ƙalau, abinci ne dai ya ƙi shiga kwana biyun nan.

Kin tuna kwalbar da na cika a rijiyarmu ranar tahowata, har kika ce boko ya taɓa ni? To, na auna ruwan a ɗakin bincikenmu. Shekara goma sha biyu ina tono ragowar magunguna a kogunan mutane, ana tafa mini a taro, ashe abin yana tsakar gidanmu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta iri uku na samu. Na sake aunawa sau biyu, ina fata na'urar ce ta yi ƙarya, amma ba ta yi ba. Ina zargin ramin da asibitin bayan katangarmu ke zuba magungunan da suka lalace.

Don Allah ku daina sha, tafasawa ba za ta wadatar ba. Inna za ta ce shekara sittin tana sha ba ta mutu ba. Kada ki ja da ita. Ki sa wa murfin kwado, ki ce ni na ce, ta zage ni.

Allah ya tsare mana ku. Ki gaya mini gaskiya, tun yaushe aka fara ba jaririyarki ruwan?

Ƙanenki.