Adda Fatu, Mijinki Ya Dakatar da Allurar Nana

Assalamu alaikum, Adda Fatu, a makwancinki.

Tambaya ɗaya zan fara da ita: duk tsawon rayuwarki, akwai wanda ya taɓa ce miki ciwon maƙogwaro na iya cin zuciya? Babu. Ni ma sai bayan mun binne ki na tono shi a waya, na karanta.

Kina yarinya a Digil, maƙogwaro ya hana ki haɗiye ko kunu. Dada, mahaifiyarmu, ta kai ki wurin wanzami ya yanke beli. Zafin ya lafa don kansa, wanzami ya sha yabo.

Bayan 'yan makonni gwiwarki ta kumbura, ta sace, gwiwar hannu ta karɓa. Aka ce sanyin mayo ne, wato kogi, kin cika shiga ruwa.

Ba sanyi ba ne, Adda. Ƙwayar cuta ce ta sauka a maƙogwaronki, jikinki ya tara dakaru don yaƙar ta. Dakarun suka ga ƙofofin zuciyarki sun yi kama da ita, suka afka musu. Kuma duk dawowar ciwon, sai su ƙara sara. Shi ya sa a cikinki na biyu kike tsayawa tsakiyar kasuwar Mubi, ki dafa keke napep kina haki, kina dariya wai yaron nan ya cika nauyi. Ke da shi kuka tafi.

To ga abin da ya hana ni zama. Nana, 'yarki ta fari, ta yi maƙogwaro da damina, gwiwa ta biyo baya. Likita ya saurari ƙirjinta, ya sa aka yi gwajin jini mai suna ASO, mai nuna ko jiki ya yi arangama da ƙwayar kwanan nan. Ya hau sosai. Likitan ya ce allurar fenisilin duk wata, shekara da shekaru, kada ƙwayar ta sake samun masauki.

Mijinki, Hamma Buba, ya kai ta na ɗan lokaci. Sai ya sake gwajin a wani wuri, ya ga ya sauka, ya ce shi ke nan, ta warke. Maganarsa kullum: yarinya na tsalle, don me za a dinga huda ta?

Ai dole gwajin ya sauka! Sawun faɗan da ya wuce yake nunawa, bai san komai game da na gaba ba. Likitan ya faɗa masa. Ni ma na faɗa, da baki mai zafi, kin san ni. Ya ce na raina shi, kada in sake taka ƙofar gidansa.

Addata, yadda kike karkatar da kai in za ki yi dariya, haka Nana take yi. Ta fi ki tsoron allura, amma in an riƙe mata yatsa takan daure.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sanyaya makwancinki, ya tsare ƙirjin 'yarki.

Ki gafarce ni da na fito da zancen gida waje, a shafina na sada zumunta. Ranar allurar watan nan ta riga ta wuce. Na san mijinki yana karanta wannan, abokansa na kasuwar shanu ma haka. Ya amsa a nan, gaban kowa: shi zai kai ta, ko zai buɗe ƙofa in kai ta?

Ƙaninki da har yanzu bai iya shiru ba,
Sali