Gwiwar da Ta Ƙi Sujada

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna?

Ni lafiya lau, sai dai gwiwar nan. Kin ce Inna ta ga na ci ƙwallo a talabijin ban yi sujada ba, har tana tambaya ko na manta Allah ne. Wallahi ban manta ba, Yaya, gwiwar ce ba ta lanƙwasuwa.

Kafin kowane wasa likitan kulob yakan zuƙe ruwan da ya taru, ya danna mini allura cikin gaɓar, sai in yi ta gudu kamar ba ƙafata ba. Washegari da bin bango nake zuwa banɗaki. Likita ya ce guringuntsin ya kusa cinyewa, koci kuwa ya ce wanda ba zai buga ba ya tattara kayansa. Gobe ma zan miƙa wa likitan ƙafar, ban iya wata sana'a ba.

Don Allah kada Inna ta ji. Ki ce mata ta tuna da ni idan ta kai goshinta ƙasa. Ni a kan kujera nake salla yanzu.

Ƙaninki,
Auta