Katunan da Na Jera Miki

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya ciwon kan nan naki? Babanki yana gaishe ki. Bayansa ya yi sauƙi, har ya koma shago yana faɗa da katako kamar da.

Yayarki ta ba ni labarin gwajin koyarwar da aka yi miki a kwalejin. Ta ce kin tsaya gaban malamai huɗu da allon ƙusoshin da Babanki ya buga miki, za ki nuna yadda kwamfuta take kewaye ɗigo-ɗigo da layi ɗaya. Ta ce kin daɗe kina jujjuya katunanki masu lambobin ƙusoshin, da kika fara naɗa zare sai ya sarƙe, ya bar ƙusa uku a waje, wani malami ya duba agogo. Sun ba ki wata rana ki sake, ke kuma kin ce ba za ki koma ba, wai kanki ba ya riƙe abu in an zuba miki ido.

Auta, kada ki ce haka. Kanki lafiyarsa lau, na san abin da nake faɗa. Shekara huɗu kina wannan karatu, kuma tun kina ƙarama kike tara 'yan tsana kina koya musu lissafi.

Sau biyu na kira ki a waya, da kin ɗauka sai in tambaye ki ko kin ci abinci. Shi ya sa na ɗauki biro. Ga shi takardar ta kusa cika, ban faɗi abin da ya sa na ɗauka ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, layin sai gangarawa yake.

Ki gaida yayarki da yaranta.

Innarki

Zuwa ga Autata,

Ina gaishe ki, ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya, sai dai abinci ba ya shigar mini. Ki karanta wannan a zaune.

Safiyar da za ki tafi gwajin, kina wanka, na shiga goge teburinki na bakin taga. Katunan suna kai, an ɗaure su da roba. Na ga na sama tara ne, na ƙarƙashinsa huɗu, sai sha ɗaya. Na ce a raina, yarinyar nan gaggawa ta sa ta hargitsa kayanta. Kin san a ajinmu na manya babu wadda ta kai ni jera lambobi, malama ma ni take kira in gyara wa wasu. Sai na cire robar, na jera miki su daga ɗaya zuwa sha biyu, na duba sau biyu, na sa a jakarki. Har na faɗa wa Babanki, ya ce ashe mun yi sakatariya a gida ba mu sani ba. Wunin ranar ina jira ki kira ki ce an gode.

Da labari ya iso, na ce wa Babanki ya nuna mini yadda abin yake, tunda kin yi masa bayani lokacin da yake buga ƙusoshin. Ya ɗauko guntun katako da fensir. Ya ce lambobin nan sunayen ƙusoshin ne kawai, yadda hannunsa ya faɗa haka ya rubuta su a allon. Ya ce ana ɗaura zare a ƙusar da ta fi kowacce ƙasa, a miƙe shi, a juya shi daga dama zuwa hagu kamar ana buɗe ƙofa. Ƙusar da ya fara taɓawa ita ce ta farko, wadda ya taɓa bayanta ita ce ta biyu, ko lambarta nawa ce. In an bi wannan jeri, zare zai kewaye su duka kamar shinge. In an bi wani, sai ya sarƙe. Yana cikin magana ya tsaya, ya dube ni, ya ce, Innar yara, aikin sakatariyar nan tamu ce? Ban iya ɗaga kai ba.

Shekara arba'in da wani abu ban taɓa motsa takarda a gidan nan ba, ko ta shara ce sai na tambaya. Da na iya ƙirga sha biyu sai na ga na isa. Abin da ya fi ba ni kunya, kwana goma sha ɗaya na yi shiru kina zagin kanki.

Ni ce, Auta, ba kanki ba. Ki koma. Ni kuma na daina zuwa ajin, na mayar wa malama littafinta.

Ki yafe mini.

Innarki

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yayarki ta iso lafiya da allon da katunan da takardarki. Na karanta da kaina, sau uku, na ukun a bayan ƙofa don kada su ga fuskata.

Ashe kin sani tun ranar. Kin ce kina cire robar kika ga ɗaya a sama, biyu a ƙasa, kika san mutum ɗaya ce a duniya za ta yi miki wannan gyara. Kin ce kin so ki sake jera su a tsaye, idon mutane ya ruɗe ki, shi ne kike jin haushin kanki. Kuma kin yi shiru ne don kada in bar ajin. Ni ina ɓoye miki, ke kina rufa mini. Wannan ya fi mini nauyi a kan na farkon.

Na ga sharaɗinki: za ki koma ran Alhamis in na koma aji, kuma in na jera katunan da hannuna yadda ya kamata. Na karɓo littafin jiya. Malama ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya saka mata.

Yau da hantsi na sa allon a tebur, na ɗaura zare a tara, na juya shi a hankali. Huɗu ya fara taɓawa, sai sha ɗaya, sai biyu, sai bakwai. Babanki yana tsaye a kaina yana tari na ƙarya, na ce ya koma shagonsa. Sau biyar na yi, jerin bai canza ba.

Abu ɗaya ya rage. Biyar da takwas suna kan layi ɗaya, zare yana taɓa su tare. Babanki ya ce da na kusa ake farawa. Wataƙila haka ne, amma abin da ban tabbatar ba na daina gyara shi. Na bar katunan nan biyu a wajen robar. Ke ce malama, ki sa su da hannunki.

Allah ya ba ki sa'a ran Alhamis. Ki kira ni kina fitowa.

Taki,
Inna