Gobenka Ta Ƙare, Yaya Junaidu

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira, Yaya Junaidu.

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ka mai yawa, wadda ta fi ƙwayoyin geron da ke tsaye a gonakin Anka yanzu haka.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Innata da ta haife ni, ko ƙawar da muke musayar littattafai da ita a ƙarƙashin hijabi: ina son ka. Wayyo Allah, na rubuta! Ga shi nan a takarda, baƙi ƙirin, ba ya gogewa. Ni ce fa, Rufaida, ƙanwar abokinka Murtala, wadda ke kawo muku ruwa a zaure kanta a sunkuye, ta juya da sauri kafin ka gama cewa sannu. Wataƙila kana zaton ban iya magana ba. Na iya, wallahi, sai dai duk maganar tawa da kai nake yin ta a zuci, ina wanke-wanke, ina shara, ina hanyar makaranta. Duk littafin soyayyar da na karanta, ko marubuciyar ta ce jarumin fari ne sol mai jerin motoci, ni fuskarka nake sa masa, da ɗan tabon nan na girarka ta hagu, da hularka da ba ta taɓa zama daidai ba.

Ka tuna ranar da ruwa ya tsare ka a zaurenmu, Yaya Murtala ya ce ka duba mini darasin kimiyya? Na miƙo maka littafin, sai wani littafin ya zamo daga cikinsa ya faɗi a gabanka, bangonsa da hoton fure da zuciya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kai kuwa ka ɗauka, ka kakkaɓe shi, ka duba inda na naɗe shafi, ka ce, “Ƙarasa wanga shafi tukuna, ƙanwata. In ba ki san ko sun shirya ba, babu abin da za ya shiga kanki.” Ba ka yi mini dariya ba, ba ka kuma gaya wa Yaya ba. Ya hasken farin wata a kan gulbi, ka san abin da ka yi wa zuciyata a ranar? Kamar tsuntsuwar da aka buɗe wa keji ce, ta ƙi tashi, ta zauna a hannun wanda ya buɗe.

A ranar ce kuma, ruwa yana dukan kwano, ka ba mu labarin ƙauyenku Dareta. Ka ce kana yaro ƙarami lokacin da ake niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje, gubar dalma ta bi ƙura ta shiga jinin yara. Ka ce ƙanwarka Sahura ta rasu a bayan mahaifiyarku Inna Turai, kai kuma aka yi ta ɗibar jininka ana gwadawa, ana ba ka magani, har Allah ya tashe ka. Ka ce ba ka tuna fuskar likitoci, amma kana tuna mutumin da ke karɓar ’yar kwalbar jini ya shiga wani ɗaki, ya fito ya san abin da ido ba ya gani. Ka ce shi kake son zama. Muryarka ta yi ƙasa, idonka yana kan ruwan da ke gudu a bakin zaure, ni kuwa ina gefe na ƙanƙame littafi ina roƙon kada ruwan ya ɗauke.

To, Yaya Junaidu, ga dalilin da ya sa mai kunya ta ɗauki biro.

A jami’arku ta Gusau ilimin tsirrai aka ba ka, ba gwajin jini ba. Ka yi shekarar farko, ka fito da sakamakon da Yaya Murtala ya yi ta yawo da shi a baki kamar nasa. Ka gano cewa da irin wannan sakamakon za ka iya neman canji zuwa Maiduguri, inda ake karatun da ranka ke so, kuma ƙofar a wannan shekara take buɗe maka, domin wanda ya yi nisa a karatu ba a cika karɓarsa ba. Tun kafin ruwa ya sauka ka san haka. Ka ce bari Sallah ta wuce. Sallah ta wuce, har naman ya ƙare a tukwane. Ka ce bari a gama noman farko. Aka gama. Ka ce bari a yi maimai. Aka yi. Ka ce sabis ɗin waya ba shi da ƙarfi, bari ya daidaita. Yanzu gero ya fitar da kai, tsuntsaye sun fara sauka a kansa, Juma’ar sama za a rufe karɓar takardu, kai kuwa har jiya na ji ka a zaure kana cewa, “Gobe, in Allah ya so.” Wace irin gobe ce wannan da ba ta da safiya? Ina take kwana, in je in taso ta?

Kada ka ce ba ka iya rubuta wasiƙar neman ba, domin na karanta ta. Ba leƙe na yi ba, Allah ya sani. Duk wadda ka rubuta ka ce ba ta yi ba, ka yar a bayan ƙofa, Inna Turai tana tsincewa ta naɗe wa masu sayen ƙosai. Ranar farko da na buɗe ƙosan karin kumallonmu na ga rubutunka ya sha mai, sai da na zauna. Tun daga nan ni ke zuwa sayen ƙosai, har Innarmu tana mamakin yadda na daina ƙyuya. Na ga wadda ka soke saboda kalma ɗaya. Na ga wadda ka kai har ƙarshe, ka sa hannu, sannan ka ja mata layi daga sama har ƙasa. Na karanta su ina lasar yaji, babu wadda ba ta isa a aika ba. Haba, Yaya! Rabin unguwa sun ci ƙosai a cikin wasiƙarka, mutanen da ka rubuta dominsu ne kawai ba su gan ta ba. Na tambayi Inna Turai ko ta san abin da take naɗi da shi, ta ce, “Mi na sani, ɗiyata? Shi dai kullum yana rubutu yana yarwa, ni ko takarda nika so.”

Na san abin da ke riƙe da kai, kuma ba noma ba ne, ba sabis ba ne. Ina shara a bayan zana ranar da Gwadabe mai shayi ya ce a gaban jama’a wai yaran Dareta dalma ta ci musu kai, ko sun yi boko ba ya zama. Kowa ya yi dariya, kai ma ka yi, amma da ka shigo zaurenmu na ji ka ce wa Yaya Murtala, “In ban kai takardar ba, babu wanda za ya ce an gwada ni ban iya ba.” Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Ya rabin raina, ashe wannan ƙayar kake takawa kana murmushi? Ashe maganar mai shayi ta fi sakamakon shekara guda nauyi a wurinka? Wane kai ne dalma ta ci? Kan da ya fahimtar da ni cikin yammaci ɗaya abin da na yi zango biyu ina kuka a kansa? In sun karɓe ka, alhamdu lillahi. In ba su karɓe ka ba, an ƙi karɓar dubbai waɗanda ba su taɓa jin sunan Dareta ba. Amma in ka bari aka rufe ƙofa takarda tana hannunka, to ba Maiduguri ce ta ƙi ka ba, Gwadabe ne ya yanke maka hukunci daga kan bencinsa, kai kuma ka sa masa hannu.

Kuma kada ka ruɗi kanka da cewa akwai sauran lokaci. Na bincika, ni da ko sunan malamai ba na iya kira da ƙarfi. Na je wajen matar Shehu maƙwabcinmu da sunan aron turmi, na yi ta jan ta da hira har ta ba ni labarin yadda nasa neman canjin ya lalace bara. Ba rubutu kawai ba ne. Sai shugaban sashenku ya sa hannu ya sallame ka, sai takardar ta hau ofis ta sauka ofis, sai an fitar maka da takardar sakamako mai hatimi, sannan ka je kafe a ɗora su duka a shafin jami’ar a tura. Shehu ya bari sai makon ƙarshe. Ya isa ya tarar mai sa hannun ya yi tafiya, da ya dawo kuma, ranar rufewa, kowa ya yi caa a kan shafin har ya ƙi buɗewa. Ya dawo gida da takardunsa cikakku, tsaf, ba su da amfanin komai. Kai kuma ka san motocin Gusau da sassafe suke tashi, babu direban da ke son la’asar ta riske shi a hanyar nan saboda ’yan bindiga. Kwana ɗaya in ya kuɓuce maka, ya tafi da ’yan’uwansa.

Kana tsammani da sauƙi nake rubuta wannan? Ya tauraron asubahina, ni ce fa zan fi kowa asara! Gusau kusa ce, kana leƙo mu, ina jin takunka a ƙofar gida, ina gane tarinka a cikin na mutum goma. Maiduguri kuwa an ce sai an kwana a hanya. Wa zan kai wa ruwa a zaure? Wa zai sa in tsaya gaban madubi ina gyara ɗaurin kallabi don wucewar da ba ta kai ƙiftawar ido ba? Can akwai ’yan mata masu fararen riguna, masu kallon mutum ido cikin ido su yi masa Turanci, ni kuwa ko sannu ban taɓa amsa maka da ƙarfi ba. Duk lokacin da ka ce gobe, wani ɓangare na zuciyata yakan yi tsalle ya ce ya ƙara kwana kusa da ke. Amma na dube ka da kyau a kwanakin nan. Ka rame. Dariyarka ta zama kamar rijiyar rani, sai an zura guga da nisa. Ba wannan Junaidun nake so a kusa da ni ba. Gara mini kai a Maiduguri kana raye da burinka, da kai a zaurenmu kana kallon ƙasa duk lokacin da aka ambaci asibiti. Shamuwa ma da take barin mu in damina ta ƙare, ai ba ƙin garin take yi ba. Lokacinta ne ya yi, kuma tana sane da bishiyar da ta bari.

Saboda haka ga roƙona, kuma ban taɓa roƙon ka komai ba. Yau bayan la’asar ka zauna ka rubuta ta sau ɗaya. In kalma ta karkace, ka bar ta a karkace, ba gasar rubutu suke yi ba. Ka faɗa musu gaskiyar da ka faɗa mana ranar ruwan nan, ita kaɗai ta isa. Ka ninke, ka sa a aljihu, kada ka sake buɗewa. Gobe Litinin ka bi motar farko. Wannan ce goben ƙarshe da na yarje maka, Yaya Junaidu, daga ita babu wata.

Ni kuma ga alkawarina. Zan rage karatun labarai in riƙe na makaranta, in ci jarrabawata, don kada ka dawo da farar riga ka same ni inda ka bar ni. Zan riƙa leƙa Inna Turai in taya ta wanke wake. Zan sa sunanka a sujadata, a ba ka ko a hana ka. In ka karanta wannan ka ga ni ƙanwa ce kawai, ba zan mutu ba, ko da yake a littattafai mutuwa ake yi. Zan yi kukana a bayan ɗaki in share. Ka dai tafi Gusau. In kuwa akwai ko ɗan ɗigon abin da nake ji a zuciyarka, to ka sani gulbi zai iya ƙafewa, kuka ta zubar da ganye, shekaru su zo su wuce, amma ba za ka dawo ka tarar na ba wani wurinka ba.

Saura abu ɗaya. Da na zo nan, sai na ji zuciyata tana cewa in ajiye ta a ƙarƙashin katifa, in sake karantawa, in gyara, in ba ka wani lokaci da ya fi dacewa. Da wane baki zan ce maka ka daina jira in ni ma na jira? Ba zan aiko kowa ba, ba zan jefa ta ta taga ba. Ga kiran azahar can an fara, na san ta ƙofarmu za ka bi in an idar. Zan sa hijabina in tsaya a bakin zaure. Kunya za ta ce in koma ciki. Amma zan ɗaga kai in dube ka, karo na farko, in sa ta a hannunka.

Taka, yau da gobe da bayan gobe, har iyakar numfashi,
Rufaida.