Na ce wa shef aikin abokina kwafe ne

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni ɗan Madawa ne, informatik, wato ilimin kwamfuta, na karanta. Ina da aboki ɗan Deule, bari in kira shi Ila. Tare muka yi karatu, ni ne ma na fara nuna masa yadda ake rubuta program a ordinatar ɗina, wato kwamfuta, lokacin ba shi da nasa. Yanzu mu biyu muna yi wa wata ƙungiyar manoman albasa manhajar telefon da ke sanar da su ranar da kamyo, wato babbar mota, zai zo ɗaukar kaya.

A lakkwal, wato makaranta, an koya mana salon gini iri-iri, wato hanyoyin da gwanaye suka saba bi wajen tsara program. Haddace su muka yi don jarrabawa, kuma ni na fi kowa maki. Shi kuwa Ila sai ya shiga buɗe bibliyotek, kayan aikin da ke zuwa tare da harshen da muke rubutu da shi, yana karanta cikinsa. Rannan muna shan shayi ya jawo hannuna ya ce: "Aboki, diba nan! Maɓallin ga da ke sanar da sassan program masu sauraronsa in an taɓa shi, ai shi ne salon mai sa ido da muka haddace! Ga wani ma, ana naɗe mai karanta fayil cikin wani don a ƙara mishi aiki. Ashe duk suna nan, mu ne ba mu lura ba." Na yi dariya, amma wallahi a raina tambayar kaina nake. Kullum da maɓallin nan nake aiki, me ya hana ni gani? Me ya sa sai shi?

Da salon mai sa idon nan ya sake gina ɓangarensa na manhajar. Kamyo na tashi daga Madawa, saƙo ya isa Urno da Sabon Gida lokaci guda. Shef ɗin proje, wato shugaban aikin, wani Alhaji mai mutunci da bai san program ba, ya koma ba shi da zance sai Ila, har ya ce shi zai tura Yamai horo. Makon jiya ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce, "Kai da ka san shi, aikin nan nasa ne kuwa?" Sai na ji bakina na cewa, "Alhaji, a bibliyotek yake kwasowa. Aikin wasu ne." Na san yadda zai ɗauki maganar. Na kuma san koyo daga nan ba sata ba ne, don a yi amfani da shi aka ajiye shi.

Yanzu an fasa tura Ila, an ce ni zan je. Jiya ya zo gidanmu, ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya ce mini, "Wani ya ɓata ni wajen Alhaji. Kai ka san aikin ga, maganarka za ya ji. Don Allah mu tai tare ka yi mishi bayani." Na ce to.

Abin kunyar, har yanzu ina son tafiyar Yamai ɗin, kuma in na buɗe aikinsa na ga tsabtarsa sai raina ya ɓaci. In na je na wanke shi, Alhaji zai ce "ba kai ka faɗa mini ba?" a gabansa. In na ƙi zuwa, Ila zai gane ni ne na ɓata shi. Gobe da hantsi zai biyo mini a moto.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?